Tsoffin jiragen yaƙi: in an ba mu ɗaya a Katsina, wa zai riƙa share shi?

Ɗan Rafukka: Assalamu alaikum mutanen gida. Ga hotunan da na yi alkawari. Wurin sunansa Newark Air Museum, gidan tarihin tsoffin jirage ne, yana yankin Nottinghamshire a Ingila, a kan wani tsohon sansanin sojan sama na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu da ake kira Winthorpe. Jirage da kawunan jiragen da ke ciki sun haura 70. Wancan ƙaton mai fiffike mai kusurwa uku shi ne Vulcan, faɗin fikafikansa ya kusa mita 34, kuma don ɗaukar bam ɗin nukiliya aka ƙera shi. A 1983 ya taso da kansa ya sauka a filin, bai sake tashi ba. Akwai Shackleton, akwai Hastings, har da MiG-23 da MiG-27 ƙirar Tarayyar Sobiyet.

Amma ba jiragen ne suka sa na turo ba. Wurin ba na gwamnati ba ne. Wasu masu sha'awar jirage ne suka kafa ƙungiya a 1963, aka buɗe wa jama'a a 1973, kuma har yau yawancin aikin na sa-kai ne. Na tarar da wani dattijo, ya haura saba'in a ganina, yana kan tsani da bokiti da buroshi yana kankare gansakuka a gefen fiffike. Wani kuma yana zaune da gwangwanaye cike da ƙananan notuna, kowane gwangwani an liƙa masa takarda an rubuta daga inda aka kwance su. Kuɗin tikiti da na shagon shayi da gudummawa ke riƙe da wurin. Tambayata: mu a Katsina za mu iya irin wannan, ko da da jirgi ɗaya ne?

Ɗan Daura: Wa alaikumus salam. Ku Katsinawa ku fara gyara kwatocin unguwarku tukuna. In jirgi za a kawo, Daura ya kamata, mu ne muka saba riƙon tarihi. Kusugu tana nan daram.

Admin: Ɗan Daura, tun ba a kai ko'ina ba? A bari masu magana su yi magana.

Malamin Tarihi: Madalla da wannan batu. Wani zai ce me ya haɗa mu da tarihin jirgi, alhali labarin jirgin sama a Nijeriya daga nan arewa ya faro. Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan saman Ingila, samfurin DH.9A, suka sauka a Kano. Daga Masar suka taso, Arthur Coningham ke jagorantarsu, mutumin da daga baya ya zama babban kwamanda a Yaƙin Duniya na Biyu. Jirage ne na katako da zane, masu fiffike hawa biyu. Ɗaya daga irinsu yana ajiye a gidan tarihin sojan sama na Hendon a Landan.

Sannan daga 1940 aka buɗe hanyar Takoradi. Da yaƙi ya sa Bahar Rum ta zama da haɗari, sai ake kawo jirage cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi a Gana ta yanzu, a harhaɗa su, su taso ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wato Njamena, su ratsa Sudan har Alƙahira. Dubban jirage suka bi ta nan, irin su Hurricane da Blenheim. Yaranmu suna haddace yaƙin Bature a makaranta, ba su san ta saman gonakin kakanninsu aka wuce da kayan yaƙin ba.

Maman Sadik: Malam, wallahi ni kaina yau na fara ji. Ina koyar da kimiyya a ƙaramar sakandare, kuma in na zo bayanin yadda iska ke ɗaga fiffike, da alli nake zana shi a allo. Yaran da suka taɓa ganin jirgi a ƙasa su ne waɗanda suka raka alhazai filin jirgi, su ma daga bayan waya. In da akwai wanda za su zagaya, su taɓa, su leƙa wurin zaman matuƙi, da na huta da rabin surutu.

Baba Tsohon Soja: Salamu alaikum ɗiyana. Jikana ya nuna mani wanga zance, na ce sai na sa baki, don aikin da na ci abinci da shi ke nan. Makanikin jirgi nake a sojan sama har na aje aiki.

Ku fara sanin abin da muke da shi. An kafa rundunar a Afrilun 1964, Jamusawa suka taimaka, shugabanta na farko ma Bajamushe ne, Kanar Gerhard Kahtz. Jiragen farko ƙanana ne na koyo da na aike, Piaggio da Dornier 27. Da yaƙin basasa ya tashi a 1967 aka kawo MiG-17 daga Sobiyet, da L-29 daga Chekoslobakiya, sannan Il-28 mai kai bam. A Kano aka sauke MiG-17 ɗin aka harhaɗa. A 1975 MiG-21 ya zo, da Hercules C-130 na ɗaukar kaya. Farkon shekarun 1980 Alpha Jet, wanda har yanzu shina aiki. Sai Jaguar guda 18 daga Ingila a 1984, aka kai su Makurɗi. Jaguar ɗin nan ba su yi shekara goma suna tashi ba aka aje su. Duk wanda ya taɓa jin ƙarar MiG-21 ya kunna wutar baya zai tashi, ba shi mantawa, har cikin haƙarƙari kake jin ta.

To duk waɗannan tarihi ne. Amma ku sani, jirgin da ba shi tashi ya fi mai tashi saurin lalacewa in ba a duba shi.

Ɗan Rafukka: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ai Jaguar ɗin ma akwai shi a wani gidan na masu sa-kai a Norwich, kusa da Coltishall inda sansaninsu yake a da. Tsoffin makanikai irinku ne ke kula da shi.

Na Jibiya: Ku gafarce ni, zan ɓata muku hira. Ku da ke cikin birni jirgin yaƙi abin kallo ne. Mu da ke Jibiya da Batsari da Safana, in muka ji shi ya nufi wajen dajin Rugu, addu'a muke, Allah ya sa ya faɗa kan waɗanda ake nema. Ba a manta Rann ba, Janairun 2017, inda jirgin sojan sama ya saki bam kan sansanin 'yan gudun hijira bisa kuskure. Ba a manta Tudun Biri ba, Disambar 2023, jirgi maras matuƙi na sojan ƙasa, mutane suna Mauludi. Yanzu kuma a ce mu tara kuɗi mu shafa wa abin kisa fenti mu kai yara su yi hoto? Ga marayu nan cike da gari. Ni dai ban ga fifikon ba.

Maman Sadik: Yaya, maganarka ta taɓa ni, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Amma ɓoye jirgin ba zai sa yaran su daina jin ƙararsa ba. Gara su san mene ne, wa ke tuƙa shi, ta yaya kuskure ke faruwa.

Malamin Tarihi: Na Jibiya ya kawo abin da dole a tsaya a kansa. Ya danganta da abin da aka rubuta a allon da ke gaban jirgin. A Umuahia akwai Gidan Tarihin Yaƙi na Ƙasa, wanda aka kafa a 1985. A can an jera Il-28 da MiG-17 na tarayya, ga kuma ɗan ƙaramin jirgin nan MFI-9 na ɓangaren Biyafara, irin waɗanda wani ɗan ƙasar Suwidin, Carl Gustaf von Rosen, ya ɗaura wa rokoki a 1969 ya riƙa kai hari filayen jirage da su. Ka duba a ina aka ajiye su: a tsakiyar mutanen da aka yi wa ruwan bam da Il-28 ɗin. Ba wanda zai shiga wurin ya fito yana sha'awar yaƙi. In za mu yi namu, allon ya faɗi shekarar da aka sayo jirgi da gudunsa, ya kuma faɗi Rann. Ya faɗi Ejigbo, 26 ga Satumba 1992, inda Hercules ya faɗi jim kaɗan da tashi daga Legas, mutum fiye da 150 suka rasu, yawancinsu hafsoshi masu kwas a Jaji. Gidaje da yawa a arewa sun yi zaman makoki a wannan makon.

Na Jibiya: Malam, kana ganin wanda zai ba ka jirgin zai yarda ka rubuta Rann a gabansa?

Malamin Tarihi: Wannan kam tambaya ce. Shi ya sa wanda ke riƙe da wurin yake da muhimmanci.

Injiniya: Bari in sauko da ku ƙasa. Ku ce an ba mu MiG-21 gobe. Tsawonsa ya kai mita 14, faɗin fiffike mita 7 da ɗan kai, nauyinsa ba mai ba makami ya haura tan 5. Sai an kwance fikafikai da jela, a samo kiren ya ɗora gangar jikin a tirela mai ƙasa-ƙasa, a biyo titi daga Makurɗi ko Kaduna, a sake samo kiren a nan. Kafin nan kuma sai masu shi sun cire duk abin da ke fashewa. Kujerar matuƙi tana da harsasan da ke cilla ta sama, ko ta shekara talatin a ajiye ba abin wasa ba ce. A tsiyaye mai da man haidirolik. Wasu tsoffin agogunan gaban matuƙi an shafa musu fenti mai sinadarin radiyam don su yi haske da dare, ba a barin yara su fasa gilashinsu.

Abu ɗaya da ke wajenmu shi ne yanayi. Amurka tana ajiye dubban tsoffin jiragenta a sansanin Davis-Monthan da ke Tucson, jihar Arizona, saboda busasshiyar iska da ƙasa mai tauri. Katsina ta fi Legas ko Fatakwal dacewa nesa ba kusa ba, ba gishirin teku, ba laima sai ta 'yan watannin damina.

Baba Tsohon Soja: Injiniya ya faɗi gaskiya, amma kada ku ruɗu da maganar bushewa. Ranar nan tamu ita ce abokiyar gaba. Murfin gilashin da ke bisa kan matuƙi ba gilashi ba ne, roba ce mai tauri, rana na sa shi ya yi zane-zane ya dushe har ba ka ganin ciki. Taya ta tsattsage, shi ya sa ake ɗora jirgi kan ƙarfe a ɗauke wa taya nauyi. Hunturu ya cika kowane lungu da ƙura, damina ta zo ta mai da ita laka, lakar ta kwanta cikin ciki inda ramukan tsiyayar ruwa suka toshe. Jikin jirgi ba shi tsatsa ja irin ta mota. Wani farin gari za ka gani shina ɓullowa gefen rifit, wato ƙusoshin da ke riƙe fallayen jikinsa, fenti ya kumbura. Ka sa yatsa ka danna, in ya ruguje to aiki ya same ka. Sai ka kankare har ka iske lafiyayyen ƙarfe, ka sa magani, ka sa firaima, sannan fenti. Ga tantabaru da jemagu, bakin inji ɗakinsu ne in ba a toshe ba, kashinsu kuwa cin alminiyam yake.

Mi nake son ku gane? Ba aikin rana ɗaya ba ne da za a kira gwamna ya yanka kirtani. Aikin kowace Asabar ne, shekara da shekaru, kuma ba mai tafa maka.

Oga Fanal-bita: Baba, indai kankara da fenti ne, yarana a gareji sun iya. Rifit ɗin ne sai an koya mana. Ni abin da nake tsoro daban ne: 'yan jari-bola. Mutanen da ke kwance murfin kwalbati da wayar taransifoma, ka aje musu tan biyar na alminiyam a fili? Wata uku za ka ga fiffiken a kasuwa ya zama tukwane da ludaya. Sai da katanga da mai gadi dare da rana, shi kuwa mai gadi ba ya aikin sa-kai, iyalinsa za su ci.

Ɗan Daura: Tukunyar MiG ai za ta yi saurin dafa wake.

Hajiya Mai Atamfa: Kai dai Allah ya shirye ka. Ni tambayata ga ɗana na Ingila: su waɗannan tsoffin, wa ke ciyar da su da har suke da lokacin wanke jirgi kyauta?

Ɗan Rafukka: Hajiya, yawancinsu 'yan fansho ne, kuma fanshon na zuwa.

Hajiya Mai Atamfa: To ka gani. Namu tsohon in ya aje aiki, wata sana'ar zai nema, ko ya koma gona. Ba rashin kishi ba ne. Kuma kada a ce ba mu san aikin sa-kai ba. Wa ke haƙa kabari a unguwa? Wa ke share maƙabarta, wa ke yashe kwata kafin damina, wa ke tsaron masallacin Idi? 'Yan agaji nawa ne a garin nan da ba a biyansu ko sisi? Muna yi, amma inda muke ganin lada muke yi. Sai ku gaya mani yadda za ku sa matashi ya ga lada a goge jirgi.

Injiniya: Hajiya, ba lada kaɗai ba, akwai sana'a. Ɗalibin foliteknik da ya yi shekara biyu yana kwance da ɗaura sassan jirgi ƙarƙashin mutum irin Baba, ya fi wanda ya gani a littafi. Ga kwalejin koyon tuƙi da gyaran jirage a Zariya tun 1964, ga cibiyar fasaha ta sojan sama a Kaduna, garin da aka ƙaddamar da jirgi maras matuƙi mai suna Tsaigumi a 2018. Yaranmu nawa ke neman shiga waɗannan wurare? Kaɗan, don ba su taɓa kawo wa ransu cewa aikin na irinsu ba ne.

Admin: Ni kuma bari in tambaya, kowa ya amsa tsakaninsa da Allah. Gidan tarihin da muke da shi a ginin tsohuwar Kwalejin Katsina, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, mutum nawa ne a zauren nan suka shiga a shekara biyar da ta wuce?

Ɗan Rafukka: Admin, a unguwarmu yake, amma rabona da shi tun ina firamare.

Maman Sadik: Ni ina kai ɗalibai. Sau da yawa mu kaɗai muke tararwa.

Admin: To kun ji. Tikitin da ke riƙe da na Ingila, a nan wa zai saya?

Malamin Tarihi: Jirgi yana jan mutane fiye da tsohon allo da tawada, wannan ba musu. Kuma akwai tsari na tsaka-tsaki. A Afirka ta Kudu gidan tarihin sojan sama na Swartkop mallakar rundunar ne, amma akwai ƙungiyar farar hula masu sa-kai da ke taya gyara da tara kuɗi. Jirgin soja dukiyar gwamnati ce, ba za a miƙa wa zauren WhatsApp ba. Sai ƙungiya mai rajista da kwamitin amintattu, da wata makaranta mai katanga da za ta ba da fili, a karɓe shi a matsayin aro na dogon lokaci.

Na Jibiya: Aro ke nan, mai kaya kuma shi ke da ta cewa kan allo. Mun dawo inda na tsaya.

Baba Tsohon Soja: Ɗana na Jibiya, saurara. Ni da za a bi tawa, kada ma a nemi MiG. A nemi Air Beetle, wato ƙwaron sama. Ɗan ƙaramin jirgin koyo ne mai kujera biyu da farfela ɗaya, a Kaduna aka harhaɗa su, guda 60, bisa tsarin wani jirgin Amurka da ake kira RV-6A. Matuƙanmu da yawa a kansa suka fara tashi kafin a kawo Super Mushshak daga Pakistan. Bai taɓa sakin bam kan kowa ba. In an cire fiffike, babbar mota ɗaya ta ɗauke shi. Rumfar kwano mai faɗin mita goma ta rufe shi ruf, an huta da rana da ruwa. Injinsa mai fistan ne, wanda Oga zai buɗe ya gane abin da yake kallo. Kuma hannun 'yan ƙasar nan ya ɗaura shi, wanga shi ne abin da nake so yaro ya ji. In kun riƙe shi shekara biyar bai lalace ba, sannan ku buɗe baki ku nemi L-29.

Na Jibiya: Wannan kam ba ni da ja a kansa, Baba. Amma sisina ba zai shiga ba sai na ga an rubuta tsarin kuɗin a fili. An sha tara gidauniya a garin nan a ji shiru.

Oga Fanal-bita: Rumfar ni zan yi waldarta in an sayi ƙarfe. Kuɗin hannu na yafe.

Ɗan Daura: Yanzu duk surutun nan a kan ƙwaro za a ƙare? Ni MiG nake so in hau in yi hoto.

Injiniya: Ka zo ka fara wanke ƙwaron tukuna. Malam, kai za ka rubuta takardar neman, ni zan yi lissafin rumfa da katanga da albashin mai gadi na shekara. Ɗan Rafukka, in ka koma can ka roƙa mana kwafin dokokin ƙungiyarsu da yadda suke raba aikin mako, da irin takardar da suke cikewa in sun duba jirgi.

Ɗan Rafukka: In sha Allahu. Zan tambaye su har yadda suke yi da inshora, don na ga ba a barin kowa ya hau tsani shi kaɗai.

Malamin Tarihi: Takarda ba wuya, amma da sunan wa za a sa hannu? Ba mu da ƙungiya, ba mu da fili.

Maman Sadik: Zan yi wa shugabar makarantarmu magana, muna da fili a bayan ɗakin gwaje-gwaje, sai dai katangar ta faɗi ta gefen gabas.

Admin: To a haɗu Asabar bayan La'asar, zan turo wurin ta akwatin kowa. Baba, za a zo a ɗauke ka. Na Jibiya, kai za ka riƙe littafin kuɗi tunda kai ka fi kowa zargi.

Na Jibiya: Ban ce na yarda ba. Amma zan zo in ji.